Makaranta a Turkiyya ta ce sai "afostil", wani ejan ya ce zai buga min a Kano

Auwal Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka. Allah ya sa na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Konya, ƙasar Turkiyya. A cikin jerin takardun da zan kai ranar rajista sun rubuta cewa satifiket ɗin digirina da tiranskirif (takardar sakamakon darussa) dole su zo da "afostil" ko hatimin ofishin jakadancinsu. Ni dai ban taɓa jin kalmar ba. Na tambayi wani mai shagon intanet da ke yi wa mutane cike-ciken biza, ya haɗa ni da wani ejan. Shi kuma ya ce in kawo naira dubu 150 da takarduna na asali, cikin kwana uku zai dawo min da su da afostil, ba sai na taka Abuja ba. Kuɗin bai yi yawa ba? Akwai wanda ya san inda ake yi da rahusa?

Barista Nafisa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar maganar tsada da araha tukuna. Kar ka ba shi ko sisi, kuma kar takardarka ta asali ta kwana a hannunsa. Babu ofishin da ke bayar da afostil a Najeriya, ba a Kano ba, ba a Abuja ba, ba a Legas ba.

Afostil shaida ce da ta samo asali daga wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 5 ga Oktoba, 1961. Ƙasashen da suka shiga, yanzu sun haura 120, sun amince cewa idan hukumar da ƙasa ta ware ta manna wa takarda wannan shaida, sauran za su karɓa ba tare da an bi ta ofishin jakadanci ba. Turkiyya tana ciki tun 1985. Najeriya ba ta ciki. To wanda ya ce zai buga maka afostil ɗin Najeriya, ka tambaye shi a shagon wane mai sassaƙa hatimi aka yanko shi.

Ka sake karanta wasiƙarka. Sun ce afostil KO hatimin ofishin jakadanci. Na biyun ne naka.

Auwal Kurna:
Innalillahi. Wallahi Barista saura kaɗan, na riga na ce masa gobe zan kawo rabin kuɗin. To ta ina zan fara?

Bashir Istanbul:
Malam Auwal barka da samun gurbi, Allah ya sa albarka. Na bi wannan hanya shekara huɗu da suka wuce, bari in faɗa maka yadda take a jere, domin jerin shi ne komai. Takardun karatu suna farawa ne daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a sakatariyar tarayya da ke Abuja. Su ne za su fara buga nasu. Daga nan ka wuce Ma'aikatar Harkokin Waje, sashen shari'a. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, a kan kowace takarda, ka riƙe rasit ɗinka da kyau. Sai na ƙarshe, ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja. Idan ka tsallake ɗaya, na gaba ba zai taɓa takardar ba, domin abin da yake nema ya gani shi ne sa hannun na bayansa.

Fassara kuma ka bari sai ka iso. Nan akwai masu fassara da aka rantsar, su fassara zuwa Turkanci, notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ya tabbatar. Idan ka fassara a gida tun kafin a gama buga hatiman, hatiman ba za su shiga cikin fassarar ba, kuma akwai yiwuwar su ce a sake. Na ga wanda ya biya sau biyu saboda haka.

Sadik Kanada:
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk wannan yawon na mene ne? Da zan zo nan ban taka ma'aikata ko ɗaya ba. WES, wata cibiya mai tantance takardun karatun ƙasashen waje, ita ce ta tantance min digiri, kuma su ba ruwansu da hatimin kowa, jami'arka suke so ta aiko musu da tiranskirif kai tsaye. Wani abokina ya ɓata sati biyu a Abuja yana tara hatimai, ƙarshe babu wanda ya ko kalle su.

Maman Ilham:
Haka ne Sadik, amma kar ka rikita yaron. Kowace ƙasa da irin nata. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Riyad. A takardun aiki, hukumar lafiya ta Saudiyya kamfanin bincike na DataFlow take sawa su tuntuɓi makarantarka da hukumar da ta ba ka lasisi da asibitin da ka yi aiki, su tambaya ko da gaske ne. Wannan hanya ɗaya kenan. Amma da na tashi kawo maigida da yara, sai ga ɗaya hanyar ta taso: takardar aure, takardun haihuwa, Ma'aikatar Harkokin Waje, fassarar Larabci, hatimin ofishin jakadanci. Mutum ɗaya, ƙasa ɗaya, hanya biyu. Saboda haka abin da nake gaya wa kowa, kafin ka hau mota zuwa Abuja ka rubuta wa wanda zai karɓi takardar, ya faɗa maka a rubuce abin da yake so.

Wani abin kuma, Saudiyya ta shiga tsarin afostil a Disamba 2022. Abokan aikina 'yan Filifin da Indiya hatimi ɗaya suke bugowa daga gida shi ke nan. Mu kuwa shigar Saudiyya ba ta rage mana komai ba, domin sai ƙasar da takardar ta fito ita ma tana ciki.

Alhaji Ɗanjuma Mai Tikiti:
Ina karanta ku tun ɗazu. Barista, da girmamawa, kin yi mana kuɗin goro. Shekarata goma sha bakwai ina harkar tafiye-tafiye, ba kowane ejan ne ɓarawo ba. Mutum yana Gashuwa ko Illela, ki lissafa masa kuɗin mota zuwa Abuja da dawowa, ga masauki, ga abinci, ga hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ya je Litinin, a ce ya dawo Laraba. Idan akwai amintacce a can da zai bi masa layi ya biya shi ladan wahalarsa, mene ne laifi? Wannan ejan da ya ce afostil, ƙila ma hatimin ma'aikata yake nufi, bakinsa ne ya saba da kalmar, don kwastomomi haka suke zuwa da ita.

Barista Nafisa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban ce duk ejan ɓarawo ba ne. Aiken mutum halal ne, ni ma ina aiken yaran ofishinmu. Amma duba abin da wannan ya ce: kwana uku, matakai uku, kuma har da ofishin jakadancin da shi ke tsara ranakun karɓar takardunsa. Idan kuma bai san bambancin afostil da hatimin ma'aikata ba, ta yaya zan ba shi satifiket ɗin da ba a bugawa sau biyu? Wanda ya san aikinsa zai fara da tambayar wace ƙasa, wace takarda, sannan ya nuna maka rasit na Remita da sunanka a jiki. Wanda ya fara da faɗin kuɗi, to a yi hattara.

Kuma ranar da aka gano hatimin jabu ne, ba sunan ejan ne a jikin takardar ba. Sunan Auwal ne. Shi za a kora daga makaranta, shi za a hana biza.

Alhaji Ɗanjuma Mai Tikiti:
A kan rasit na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Ni ma duk wanda na yi wa aiki sai na haɗa masa da shi. Ɓata-garin nan su suke ɓata mana suna.

Habibu Ɗan Sudan:
Ku ba ni dama in sa baki, don na ga Sadik ya tambayi amfanin yawon. Ni da na fahimci abin sai na ga isnadi ne kawai, irin na malaman hadisi. Ma'aikacin ofishin jakadancin Turkiyya bai san sa hannun magatakardar jami'arku ba, bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya sani shi ne jami'in Harkokin Waje, don an ajiye masa samfurin sa hannunsa. Shi kuma na Harkokin Waje ya san na Ma'aikatar Ilimi. Na Ilimi shi ne ya san jami'a. Wane ya karɓa daga wane, daga wane, har a kai tushe. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, riwaya ta yanke.

Barista Nafisa:
Malam Habibu, Allah ya saka da alheri, ka fi ni iya bayanin. Bari in ɗora a kan misalinka: isnadi suke dubawa, ba matani ba, wato ba abin da takardar ta ƙunsa ba. Hatimin Harkokin Waje, da na jakada, har shi kansa afostil ɗin, abin da suke cewa kawai shi ne wannan sa hannu na gaske ne, mai shi yana riƙe da muƙamin da ya ce, hatimin ofishinsa ne. Ba su ce abin da ke rubuce a ciki gaskiya ba ne. Idan ka je kotu ka rantse cewa an haife ka a 1999 alhali a 1993 ne, za a iya buga wa takardar hatimi biyar, duk na gaske, ƙaryar tana nan daram a ciki. Shi ya sa irin su WES da DataFlow suka zaɓi su koma tushe da kansu. Jamus ma ta daɗe da daina buga wa takardun Najeriya hatimi. Idan hukuma a can tana son tabbaci, kamar a maganar aure ko kai iyali, sai a sa lauyoyin da ofishin jakadancinsu ya yarda da su su bincika, har unguwarku ana iya zuwa a yi tambaya, kuma kai za ka biya kuɗin binciken.

Kawu Isa Mai Ritaya:
Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya hana Najeriya shiga yarjejeniyar nan. Afirka ta Kudu tana ciki, Maroko tana ciki, Tunisiya tana ciki. Senegal ta shiga a 2023, Ruwanda ta biyo baya a 2024. Chaina da kanta ta shiga a Nuwamba 2023, Kanada a Janairu 2024. Mu da muka fi kowa fitar da ɗalibai da likitoci a yankin nan muna nan muna jigilar takardu a ambulan. Na yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati, na san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Yaranmu ne ke shan wahalar.

Sadik Kanada:
Kawu ka faɗi gaskiya. Hatimi ɗaya ya wadatar.

Barista Nafisa:
Kawu, ina tare da kai a kan a shiga, amma kar mu ɗauka ranar da aka sa hannu wahala ta ƙare. Yarjejeniyar ta ba tsofaffin mambobi wata shida su ce ba su yarda da sabon shiga ba, kuma duk wadda ta ƙi, afostil ɗinka ba ya aiki a ƙasarta. Jamus ta yi wa Indiya haka, ta yi wa Laberiya. Mu da ta riga ta daina amincewa da hatimin namu, me kake zato za ta yi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin mutum zai iya samun takardar haihuwa uku da shekaru uku daban-daban, sunan hatimin ne kawai zai canza.

Kawu Isa Mai Ritaya:
'Yata, ko ƙasa goma suka ƙi, saura ɗari da wani abu fa? Wannan yaron da ke son zuwa Konya da yanzu ya huta da mataki ɗaya. Ba a ƙin gyaran ɗaki don zaure na yoyo.

Habibu Ɗan Sudan:
Kawu, maganar Barista tana da ƙamshin gaskiya. Ka tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, da ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu, 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo gaba ɗaya. Waɗanda suka zauna suka yi karatun gaske a can su ma abin ya shafe su. Mu ma da muka ga an kawo mana takardar da ba mu yarda da tushenta ba, ƙofa muka rufe. To haka wasu ke kallon namu.

Kuma tunda an zo nan, ku sani hanyar tana da dawowa. Wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance digirinsa kafin ya je bautar ƙasa. Ni na gama a Khartum kafin yaƙi, amma na yi sakaci ban kai satifiket ɗina ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin wajen Sudan an buga ba, na ce sai na koma bayan salla. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke. Abin da zan yi a kwana biyu da kuɗin bas sai da ya ci min fiye da shekara, ina bin mutane a waya. Duk ɗalibin da ke karanta wannan a Masar ko Indiya ko Malesiya ko ina ne, kar ka hau jirgin dawowa sai ka gama buga duk hatiman ƙasar, ka kai ofishin jakadancin Najeriya na can su ma su sa nasu.

Issoufou na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu ma nan Nijar ba mu cikin afostil, hanyarmu guda da taku. Sai dai mu "lagalize" iri biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ake yi a ma'aikatar magajin gari ko wurin 'yan sanda, a buga ma kwafi hatimi cewa daidai yake da na asali. Wannan na cikin gida ne, na neman aiki ko jarrabawa. Wanda za shi waje sai ya kai Yamai, ma'aikatar harkokin waje, kana ambasad, wato ofishin jakadanci. Wanda ba a yi ma takardar haifuwa ba tun yana jariri, kotu yake zuwa da shaidu a yi mishi hukuncin da ke maye gurbinta. Takardar shaidar rashin laifi kuma daga kotu take fitowa, wata uku gare ta ta mutu.

'Yan uwanku da yawa suna karatu nan Maraɗi, kuma abin da ke ba su wahala shi ne suna. Nan za a rubuta Mahamadou, Issoufou, Aboubacar, can gida fasfo ya ce Muhammad, Yusuf, Abubakar. Mutum guda, amma takarda ta ce biyu ne.

Maman Ilham:
Malam Issoufou ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Auwal, tun kafin ka sayi tikitin Abuja, shimfiɗa tabarma ka baje takardunka duka: fasfo, NIN, WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri, tiranskirif, takardar bautar ƙasa, takardar haihuwa. Ka bi su harafi bayan harafi. Mu Hausawa a nan muke faɗuwa. A firamare an rubuta ka da sunan garinku, a sakandare da sunan mahaifi, a jami'a ka ƙara na kaka. Mohammed a nan, Muhammad a can, Moh'd a wata. Mu mata kuma ga sunan miji da wasu ke ɗauka bayan aure. Ni a takardar makarantar jinya Aishatu ce, a fasfo Aisha. Wannan "tu" ɗin sai da ya tsayar min da fayil wata biyu.

Auwal Kurna:
Anti na duba yanzu. Fasfo da NIN sun ce Auwal, digiri da WAEC sun ce Auwalu. Kuma a digirin sunan mahaifina ne a ƙarshe, a fasfo sunan unguwarmu. Ranar haihuwa dai duk ɗaya ce, alhamdu lillahi. Na shiga uku ko?

Barista Nafisa:
Ba ka shiga ko ɗaya ba, tunda ranar haihuwa ta daidaita, ita ce mai wuyar gyara. Je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan naka ne, mutum ɗaya, ka jero su yadda suke a kowace takarda. Ka buga sanarwa a jarida ta ƙasa, ka sayi kwafi biyu ko uku ka ajiye shafin gaba ɗaya, kar ka yanke gurbin sanarwar kawai, ana son a ga sunan jaridar da kwanan wata. Takardar rantsuwar ita ma ka haɗa ta cikin waɗanda za a buga wa hatimi a Harkokin Waje. Sannan ka rubuta wa makarantar tun yanzu ka gaya musu, kar su fara gani ranar rajista.

Ummu Khalil:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda Anti Maman Ilham ta ambaci takardar aure. Maigidana yana aiki a Doha, yana son mu koma. Aurenmu shekara tara, a ƙofar gida aka ɗaura, babu wata takarda. Wani ya ba shi shawara mu je rajista mu yi auren kotu kawai, wai ita ce takardar da kowace ƙasa ta sani.

Barista Nafisa:
'Yar uwa, ku tsaya ku fahimci abin da za ku sa wa hannu. Auren rajista ba takardar shaida ba ce kawai da ake manna wa auren da kuke da shi. Aure ne a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, mai hukunce-hukuncensa. Mace ɗaya ya yarda da ita, ƙarin aure a kansa laifi ne a dokar, kuma babbar kotu ce kaɗai ke raba shi. Mutane da yawa sun shiga don neman biza, sai daga baya suka gane. Idan abin da kuke so kenan da saninku, wannan zaɓinku ne. Idan kuwa shaida kawai kuke nema, kotun shari'ar Musulunci tana bayar da takardar tabbatar da aure. Za a nemi waliyyi ko wakilai da shaidu, a rubuta ranar da aka ɗaura da sadaki. Ita za ku kai Harkokin Waje, a fassara zuwa Larabci, sannan ofishin jakadancin Katar. Ƙasar Musulmi ce, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Na yara kuma, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake nema. Katin asibiti ko na rigakafi ba ya tsayawa a madadinta. Manya da ba a yi musu rajista suna yara ba, hukumar tana ba su takardar shaidar haihuwa bayan sun kawo rantsuwar shekaru daga kotu.

Ummu Khalil:
Allah ya biya ki Barista. Waliyyina ya rasu, amma wakilin ango da mutum biyu da suka halarta suna nan da rai.

Alhaji Ɗanjuma Mai Tikiti:
Tunda an yi sulhu da ejan, bari in ba da tawa gudummawar kyauta. Na ɗaya, ku daina liƙe satifiket da leda. Na san ana yi ne don tsoron ruwa da gara, amma hatimi ba ya zama a kan leda, kuma mai dubawa yana son ya taɓa takardar ya ji tambarin da aka danna. Na ga wanda ya sa aka ɓare masa ledar da dutsen guga, rabin rubutun ya bi ta. Ku sayi fayil mai aljihu ku zura. Na biyu, takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda yanzu ake nema ta shafin POSSAP a je a ɗauki zanen yatsu, ita ce ta ƙarshe da za ka nema, don tana da wa'adi. Wasu suna fara yin ta, kafin jami'a ta fitar da tiranskirif ta riga ta tsufa. Na uku, kowace takarda ka yi mata hoto gaba da baya bayan kowane hatimi, ka tura wa kanka a imel.

Bashir Istanbul:
Alhaji ya gama magana. Ƙari ɗaya, Auwal: idan kana da iyali kuma kana tunanin kawo su daga baya, ka haɗa takardar aure da na haihuwar yara a wannan tafiyar. Wurin neman izinin zama na yara a nan sai an nuna takardar haihuwa mai hatimi. Da ka zo ka fara neman wanda zai bi maka layi daga nesa, gara ka yi gaba ɗaya.

Auwal Kurna:
Malam Bashir ko budurwa ba ni da ita tukuna, sai dai ku taya ni addu'a.

Sadik Kanada:
To ka ga ka huta da hatimi biyu.

Auwal Kurna:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan sati biyar, don wanda zai zo nema daga baya. Satifiket ɗina yana da leda, amma da na rubuta wa makarantar sun ce kwafin da aka tabbatar ya wadatar, in dai zan nuna na asali ranar rajista. Abin da ya fi cin lokaci ba Abuja ba ce, tiranskirif ne, sati uku ina zarya a jami'ar da na gama kafin a sa hannu. Rantsuwar kotu yini ɗaya, jarida ta fito bayan kwana biyu. A Abuja na sauka wurin wani ɗan ajinmu a Kubwa, na bi yadda Malam Bashir ya jero, Ilimi, Harkokin Waje, jakadanci, kuma na sa takardar rantsuwar a ciki kamar yadda Barista ta ce. Kuɗin mota da abinci sun fi kuɗin hatiman kansu. Duk abin da na kashe bai kai abin da ejan ya nema ba.

Shi kuwa jiya ya sake kirana, wai ya yi min ragi zuwa dubu 80 tunda ni ɗalibi ne. Na tambaye shi wace hukuma ce ke bayar da afostil ɗin a Najeriya, ya ce wani oga ne a ciki, ba a faɗin sunansa a waya.

Malam Bashir, jirgina zai sauka Istanbul da asuba, kuma sai dare zan hau motar Konya. Fassarar in yi ta a Istanbul ko in bari sai na isa Konya?

Bashir Istanbul:
Bari sai ka isa Konya, ofishin ɗalibai na waje za su nuna maka notarin da suka saba aiki da shi, kuma ya fi sauƙin komawa idan an yi kuskure a suna. Ka duba yadda mai fassarar ya rubuta Auwal da Auwalu kafin ka biya. Turo min lokacin saukarka ta akwatin sirri, zan zo in tare ka. Idan da wuri a jakarka ka taho min da yajin ƙuli, nawa ya ƙare tun azumi.